Harafi Ɗaya Daga Ƙasar Japan

Mu da mu ke koyon aikin malanta akwai abu guda da mu kan manta, shi ne wuyar da muka sha ran da aka fara nuna mana haruffa. Yau in muka ga a, ko b, ko d, idonmu ya kan karanta su tun ba mu yi niyya ba, har mu ga kamar da saninsu aka haife mu. Saboda haka in malami ya tsaya gaban aji ɗaya ya rubuta b a allo, yaro ya kwafa ya juya mata ciki ta zama d, sai ran malam ya ɓaci, ya ce yaron daƙiƙi ne. Yara da yawa daga nan su ke fara tsoron makaranta, waɗansu ma daga nan su ke barinta, alhali kuwa kansu lafiya lau ya ke.

Maganin wannan mantuwa ba shi da wuya. Mutum ya ɗauki harafi ɗaya na wani rubutu wanda bai taɓa sani ba, ya zauna ya koye shi kamar yadda yaro ɗan shekara shida zai yi. Don haka na zaɓo mana harafin farko na rubutun mutanen Japan da a ke kira hiragana. Ga shi: あ. Sunansa a, muryarsa ma a. Ina roƙon mai karatu ya nemo takarda da fensir tun yanzu, gama wannan bayani ba zai yi amfani sosai ba sai hannu ya yi aiki tare da ido.

RUBUTUN MUTANEN JAPAN

Japan ƙasa ce ta tsibirai a gabashin Asiya, gabas da Koriya da ƙasar Sin. Manyan tsibiranta huɗu ne, Honshu da Hokkaido da Kyushu da Shikoku. Mutanenta sun fi miliyan 120, babban birninsu kuwa Tokiyo.

In ka buɗe jaridarsu za ka ga rubutu iri uku a gauraye cikin layi ɗaya. Na fari shi ne kanji, watau haruffan da suka aro daga Sinawa, waɗanda kowane ɗaya ya ke ɗauke da ma'ana, kamar dutse, ko ruwa, ko mutum. Waɗannan suna da yawa ƙwarai. A shekarar 2010 gwamnatinsu ta fitar da jerin guda 2,136 waɗanda ta ce su ne na aikin yau da kullum. Na biyu hiragana, na uku katakana. Waɗannan biyu ba su ɗauke da ma'ana, murya kaɗai su ke nunawa, kowannensu kuma yana da haruffa 46 na tushe. Da katakana a ke rubuta kalmomin aro da sunayen baƙin ƙasashe da baƙin mutane. Da hiragana a ke rubuta ƙarshen kalmomin aiki, da ƙananan kalmomin da ke haɗa zance, da duk kalmar da ba a so a sa mata kanji. Shi ne kuma rubutun da yaro ya ke fara koya, da shi a ke buga littattafan ƙananan yara.

Sai mu lura da bambancinsa da boko. A boko in muna son mu rubuta ka, sai mu ɗauki baƙin k mu haɗa shi da wasalin a, haruffa biyu ke nan. A hiragana harafi ɗaya ya ke ɗaukar gaɓar gaba ɗaya. Ka shi ne か, ki shi ne き, ku shi ne く, ke shi ne け, ko shi ne こ. Ku dube su da kyau, babu wata alama guda da ta bi ta cikinsu duka wadda za ka ce ita ce k. Kowane ɗaya sai an haddace shi don kansa. Baƙi ɗaya tak ya ke tsayawa ba wasali, shi ne ん, watau n. Wannan tsari ba zai zama baƙo ƙwarai gare mu ba, gama mu ma da gaɓa mu ke koya wa yara karatun Hausa, muna cewa ba, be, bi, bo, bu.

ASALIN HARAFIN

Da fari mutanen Japan ba su da rubutu nasu na kansu. Rubutun Sinawa ya shigo musu ta hanyar Koriya wajen ƙarni na 5, suka kama yin aiki da shi. Amma harshensu da na Sinawa ba dangi ba ne, ƙirar zancensu dabam dabam ta ke. Sai suka yi dabara, suka riƙa ɗaukar harafin Sinawa su yar da ma'anarsa, su riƙe muryarsa kaɗai. Da irin wannan dabara aka rubuta waƙoƙi masu yawa cikin babban littafin waƙoƙinsu na ƙarni na 8 mai suna Man'yoshu. Kun ga abin ya yi kama da yadda malamanmu suka ɗauki haruffan Larabci suka rubuta Hausa da su, aka sami ajami.

To, don muryar a, ɗaya daga cikin haruffan da suka ɗauka shi ne 安, wanda ma'anarsa kwanciyar hankali. Zane shida gare shi. Na sama hoton rufin ɗaki ne, na ƙasa kuwa harafin 女 ne, watau mace. Da ya ke da alƙalamin gashi da tawada su ke rubutu, in mai rubutu yana sauri ba ya ɗaga hannu tsakanin zane da zane, sai zanen su manne da juna, kusurwoyi su zama lanƙwasa. A hankali a hankali zane shida suka koma uku, 安 ya zama あ. Haka sauran suka samu. Daga 以 aka sami い, daga 宇 aka sami う, daga 衣 aka sami え, daga 於 aka sami お.

Wannan ya faru a zamanin da su ke kira Heian, daga 794, shekarar da aka mai da gidan sarauta birnin da a ke kira Kiyoto yanzu, zuwa 1185. A lokacin manyan maza masu ilmi da Sinanci su ke rubuta takardun mulki, suna ganin hiragana rubutu ne na wasiƙa da waƙa, har a kan kira shi hannun mata. Amma raini bai hana shi girma ba. A 905 sarki ya sa aka tattara littafin waƙoƙi mai suna Kokinshu, wani bafade Ki no Tsurayuki ya rubuta masa gabatarwa da wannan rubutu. Wajen shekara ta 1000 kuma wata mace a fada, Murasaki Shikibu, ta rubuta Labarin Genji da shi, littafin da har yau a ke karantawa cikin harsuna da yawa na duniya.

Shekaru ɗaruruwa murya ɗaya tana da haruffa barkatai, kowane marubuci da wanda ya ke so. Sai a 1900 hukumar ilmi ta tsai da harafi ɗaya ga kowace murya domin makarantun firamare. A 1946 aka sake gyara ƙa'idar rubutu don ta bi yadda mutane su ke magana, aka ajiye haruffa biyu, ゐ da ゑ, waɗanda muryarsu ta riga ta ɓace daga baki.

YADDA A KE RUBUTA SHI

Ka zana gida mai kusurwa huɗu, babba, kamar faɗin tafin hannunka. Ka raba shi huɗu da layin ɗigo-ɗigo, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Irin wannan gida a ke buga wa yaran Japan cikin littafin rubutunsu, domin su ga inda kowane zane zai tashi da inda zai sauka.

Zane na ɗaya gajere ne, a kwance. Ka fara daga hagu cikin rabin gidan na sama, ka ja zuwa dama, kana ɗan hawa kaɗan. In ka kai ƙarshe ka tsai da fensir cak kafin ka ɗaga.

Zane na biyu a tsaye ya ke. Ka fara daga sama da zane na ɗaya, kusa da layin tsakiya, ka ja ƙasa ka ratsa zane na ɗaya. Kada ka miƙe shi sambal kamar sanda. Ka bari ya ɗan lanƙwasa kamar baka, bayansa wajen hagu, ƙafarsa ta ɗan karkato dama kusa da gindin gidan. Nan ma ka tsaya cak. Yanzu abin da ke gabanka ya yi kama da ƙaramin t na boko.

Zane na uku shi ne mai wuya, kuma ja ɗaya a ke yi masa, ba a ɗaga hannu. Ka sa fensir a dama da zane na biyu, ƙarƙashin zane na ɗaya. Ka gangaro ƙasa wajen hagu a karkace, ka ratsa zane na biyu kusa da ƙafarsa. In ka kai kusurwar hagu ta ƙasa sai ka juyo sama da ƙaramar lanƙwasa, sa'an nan ka zagayo dama yadda hannun agogo ya ke tafiya, ka sake ratsa zane na biyu, ka ratsa farkon zanen nan naka, ka yi babban ciki a dama kamar cikin tulu, ka sauko ƙasa. Wannan ƙarshe ba a tsai da shi cak. Sai ka riƙa sassauta hannu kana ɗaga fensir a hankali, har zanen ya ƙare siriri kamar wutsiyar ɓera, yana duban hagu.

Mutanen Japan suna da suna ga kowane irin ƙarshen zane. Tsayawa cak su kan ce tome, ɗan tsalle da bakin alƙalami ya kan yi kamar ƙugiya su kan ce hane, sassautawa har zane ya ƙare siriri su kan ce harai. Malamin aji ɗaya ya kan duba waɗannan uku sa'ad da ya ke gyaran aikin yara. Watau a あ akwai tome biyu da harai ɗaya.

Wani zai ce, in dai siffar ta fito, ina ruwan wani da zanen da na fara yi? Dalili uku ne. Na ɗaya, siffar harafin daga tafiyar hannu ta samu, kamar yadda muka gani a tarihinsa, saboda haka wanda ya bi tsarin zai ga harafinsa ya zauna daidai, wanda ya saɓa kuwa zai ga cikin ya karkace. Na biyu, in mutum ya girma ya fara rubutu da sauri zanensa za su manne da juna, in kuwa kowa tsari ɗaya ya bi to mannewar iri ɗaya za ta zama, kowa ya iya karanta hannun kowa. Na uku, hannu yana da tasa hadda. Abin da hannu ya maimaita ta hanya ɗaya sau da yawa ba ya ɓacewa da wuri. Babbar ƙa'idarsu dai ita ce daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, in zane biyu sun ratsa juna kuma galibi na kwance a ke fara yi.

YADDA A KE FAƊINSA

A nan mai jin Hausa ya fi Bature sa'a. Wasulan Japananci biyar ne kamar namu, sai dai jerinsu dabam: あ a, い i, う u, え e, お o. Don ka faɗi あ, ka ɗauki a ta farkon kalmar rana, ka buɗe baki sosai kamar yadda ka ke yi mata, amma ka yanke ta gajere. I da e da o kusan kamar namu su ke. U ce kaɗai ta bambanta, gama ba su turo leɓe gaba kamar yadda mu ke yi a kalmar kuka. Leɓe a sake su ke barinsa.

In wasula biyu suka haɗu akwai abin lura. Mu a Hausa ko dai mu raba su da ɗan tsaiko a maƙogwaro, kamar sa'a da jama'a, ko kuwa mu narkar da su su zama gaɓa ɗaya, kamar kai da sau. Su ba su yin ko ɗaya. Kowane wasali yana da nasa bugu, murya kuma ba ta yankewa tsakani. Ka gwada da waɗannan kalmomi huɗu, waɗanda wasula kaɗai ke cikinsu: あい ai, ƙauna, あお ao, shuɗi, いえ ie, gida, うえ ue, sama. Ka riƙa buga tebur da yatsa sau biyu ga kowace kalma, bugu daidai da bugu. Kowane harafin hiragana bugu ɗaya ne, tsawonsu ɗaya.

Daga nan za mu gane yadda su ke nuna dogon wasali. Mu mun san dawa ta tuwo da dawa ta namun jeji ba ɗaya ba ne a baki, ta fari a ɗinta doguwa ce, ta biyu gajeriya, amma a boko iri ɗaya mu ke rubuta su. Su kuwa sai su ƙara harafi. おばさん obasan ita ce goggo ko inna, bugu huɗu. In aka ƙara あ a tsakiya ta zama おばあさん obaasan, kaka ke nan, bugu biyar. Wanda ya ja murya wurin da bai kamata ba ya mai da mace mai matsakaicin shekaru tsohuwa, ba kuwa za ta gode masa ba.

Suna da baƙi mai nauyi kuma, irin bambancin baba da babba. Suna nuna shi da ƙaramin っ gaban gaɓar. きて kite ma'anarsa zo, きって kitte kuwa kan sarki ne na wasiƙa. Har hawa da saukar murya suna da shi, ko da ya ke bai kai namu yawa ba. Yadda kuka na hawaye ya bambanta da kuka ta miya, haka あめ ame a bakin mutanen Tokiyo. In murya ta fara sama ta sauko, ruwan sama ke nan, in ta fara ƙasa ta hau, alewa ce. Hiragana ba ya nuna wannan, kamar yadda boko ba ya nunawa, sai kunne ya koya.

SAURAN 'YAN'UWANSA

An jera haruffan 46 cikin gidaje biyar biyar bisa ga wasulan nan: a, ka, sa, ta, na, ha, ma, ya, ra, wa, kowane ɗaya shugaban layinsa, sa'an nan n a ƙarshe. Waɗansu layuka ba su cika biyar ba. In an sa ƙananan zane biyu a kafaɗar harafi ta dama muryarsa ta kan yi nauyi, か ka ya zama が ga, さ sa ya zama ざ za, た ta ya zama だ da, は ha ya zama ば ba. In ƙaramin zobe aka sa, は ya zama ぱ pa.

Akwai abin mamaki cikin layin sa da na ta. Ba su cewa si, sai し shi. Ba su cewa ti, sai ち ci. Mu ma haka bakinmu ya ke yi, shi ya sa jam'in ƙasa ya zama ƙasashe, na mota ya zama motoci. In kun ga an rubuta chi a littafin Turanci, ci ɗinmu ce. Wannan hanyar rubuta Japananci da haruffan boko ana kiranta da sunan James Curtis Hepburn, likitan mishan daga Amurka wanda ya isa Japan a 1859 ya buga ƙamus a 1867, shi ya sa ta bi kunnen mai jin Turanci. Harafin ふ fu kuma da leɓe biyu a ke hura shi ba tare da haƙori ba, daidai yadda Hausawa da yawa su ke faɗin f a kalmar fura.

Wurin da za mu yi hankali biyu ne. つ tsu ba irin ts ɗinmu ba ce ta tsuntsu, wadda mu ke matse maƙogwaro mu fasa ta. Tasu sassauƙa ce, t da s a haɗe da numfashi. Sa'an nan ba su raba l da r. Murya ɗaya gare su, harshe ya taɓa bayan haƙoran sama sau ɗaya ya sauka. Da ya ke kuma kusan kowace gaɓa tasu da wasali ta ke ƙarewa, in sun ari kalma sai su cusa mata wasula. Abin da mu ke kira tebur su teburu su ke cewa, daga kalmar Turanci ɗaya muka aro mu duka.

MASU KAMA DA JUNA

Yanzu ku dubi waɗannan huɗu: あ, お, め, ぬ. Na fari a, na biyu o, na uku me, na huɗu nu. In wani ya rufe muku fassarar ya nuna ɗaya ya ce ku faɗa da sauri, lalle za ku yi jinkiri. Kamar da ke tsakaninsu tana da dalili. め daga harafin mace ne, 女, wanda ya ke zaune cikin asalin あ, ぬ kuma daga 奴 ne, wanda shi ma harafin mace ke gefensa na hagu. Akwai kuma さ sa da ち ci, waɗanda cikin ɗaya ya ke duban inda ɗayan ya ba baya, da る ru da ろ ro, waɗanda ɗan ƙulli a wutsiya kaɗai ya raba su.

Jinkirin nan da kuka yi, shi ne abin da yaron aji ɗaya ya ke ji gaban b da d da p da q. Kafin ya zo makaranta duk abin da ya sani, ƙwarya ko kujera ko akuya, in an juya shi hagu ko dama sunansa bai sake ba. Sai a allo ya tarar da abin da in an juya shi ya zama wani abu dabam. Mu kuma muna ƙara masa da ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ɗan lanƙwasa a ka kaɗai ya raba su da b da d da k. Yaron da ba Hausa a ke yi a gidansu ba, irinsu kuwa suna da yawa a makarantunmu, kayansa biyu ne, ga siffa baƙuwa, ga murya baƙuwa.

YADDA A KE KOYA WA YARAN JAPAN

A Japan shekarar makaranta a watan Afrilu ta ke farawa, yara kuwa suna da shekara shida su ke shiga aji ɗaya. Kafin a ba su harafi sai an koya musu zama da riƙon fensir, su yi ta jan layi miƙaƙƙe da lanƙwasasshe da zobe har hannu ya saki. Ko da ya ke あ shi ne na fari a jeri, malamai da yawa ba su farawa da shi, gama yana cikin masu wuya. Su kan fara da masu zane ɗaya, kamar く ku da し shi da つ tsu da へ he. Da し da つ da く kaɗai yaro ya iya rubuta くつ kutsu, watau takalmi, ya ga ashe abin da ya zana magana ce.

In malami zai nuna sabon harafi ya kan sa yara duka su ɗaga yatsa su rubuta shi babba a iska, suna ƙirga zane da ƙarfi, ici, ni, san, watau ɗaya, biyu, uku. Daga inda ya ke tsaye yana ganin wanda hannunsa ya bi ta baya, ya gyara masa tun bai sa fensir a takarda ba. Bayan wannan su bi sawun harafin da aka buga dishi-dishi, sa'an nan su rubuta nasu cikin gidajen nan masu layin ɗigo-ɗigo. Malami ya kan gyara da jar tawada. Aikin da ya yi daidai zobe a ke zana masa, wanda ya yi kyau ƙwarai kuwa a kan mai da zoben kamar fure. Cikin shekarar nan ta fari yaro zai koyi hiragana da katakana da kanji 80, kafin ya gama aji shida kuwa, bisa ga tsarin da aka fara a 2020, zai san kanji 1,026. Daga aji uku a ke ba shi alƙalamin gashi da tawada.

ABIN DA ZA MU KAI AJI

Ba domin mu koya wa yaranmu Japananci na kawo wannan ba. Amma akwai abubuwa biyar da kowane ɗayanmu zai iya yi ran da aka tura shi gwajin koyarwa, ba kuwa sai an sayi kome ba.

Na ɗaya, mu tsai da hanya ɗaya ta rubuta kowane harafi, mu riƙe ta. A b sanda a ke fara ja daga sama, sa'an nan ciki. A d ciki a ke fara yi kamar za a rubuta c, sa'an nan sanda. In hannu ya saba da tafiya biyu dabam dabam, ido zai daina ruɗewa.

Na biyu, kada mu koyar da masu kama da juna rana ɗaya. Sai b ta zauna daram kafin a kawo d, sai d ta zauna kafin a kawo ɗ.

Na uku, ba dole ne mu bi jerin a, b, c ba. Mu fara da masu sauƙin ja, kamar i da l da o da t, mu kai ga masu wuya daga baya.

Na huɗu, babba kafin ƙarami. Yara su rubuta a iska, su rubuta a ƙasa da yatsa ko da tsinke, sa'an nan a allo, sa'an nan a takarda. Baki kuma ya riƙa faɗin muryar harafin sa'ad da hannu ya ke jansa, a kuma yi hanzarin haɗa musu kalma mai ma'ana da haruffan da suka sani.

Na biyar, in muna gyara mu nuna wa yaro harafin da ya yi kyau cikin layinsa tukuna, sa'an nan mu nuna masa wanda ya karkace da wurin da hannunsa ya saki hanya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma wanda ya tanƙwara da ƙarfi karya shi zai yi.

Ga aikin da zan bar muku. Yau ku rubuta あ sau goma bisa ga tsarin zane ukun nan, kuna faɗinsa da baki. Ku rufe mujalla. Gobe da safe, kafin ku buɗe ta, ku rubuta shi da ka, sa'an nan ku gwada da wanda ke cikin shafin nan ku ga inda ya bambanta. Wanda ya ga nasa ya karkace, to, ya tuna harafi ɗaya ne tak aka ba shi, shi kuwa babba ne mai ilmi, yaron aji ɗaya kuwa fiye da ashirin mu ke ɗora masa, manya da ƙanana. Allah ya ba mu haƙuri da yaran da za a danƙa mana, ya kuma ba mu sa'ar aikin. Amin.